Biyar Ta Yi wa Babaji Kaɗan

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba ya san Babaji dillali. In bai san shi da ido ba, to ya san shi da kunne, don muryarsa kan riga shi isa wuri. Gajere ne mai tumbi, hularsa kullum a karkace, kuma a bakinsa babu abin da bai iya ba. In ana zancen likitoci, ya taɓa yi wa bijimi tiyata. In ana zancen jirgin sama, ya taɓa ba wani matuƙi shawara a Maiduguri. Amma a faɗi gaskiya, a ciniki gwani ne. Aƙidarsa guda ce tak, kuma da ita yake auna duniya kaf: lambar da mutum ya fara faɗa ba ita ce a ransa ba. Ko ƙarfe nawa ya tambaye ka ka gaya masa, sai ya dube ka kamar ka ɓoye wani abu.

Yana da wata tsohuwar mota shuɗiya da yake kira Hajiya Babba. Da ita yake kai matarsa Hadizatu makarantar da take koyarwa a Danchuwa kowace safiya, da ita yake zuwa kasuwa, da ita ake ɗauko gero daga gona. Amma babban aikinta, wanda Babaji yake taƙama da shi fiye da komai, shi ne ɗaukar amarya. Shekara goma sha huɗu, duk yarinyar da aka aurar a danginsu Hajiya Babba ce ta kai ta ɗakin miji, Babaji a gaban jerin motoci yana ɗaga wa mutane hannu. Ka taɓa kuɗinsa ya yafe, amma kada ka taɓa masa wannan matsayi.

To sai aka sa ranar auren Munawwara, 'yar yayansa marigayi, wadda ta tashi a hannunsa tun tana rarrafe. Mijin ɗan Fika ne. Ana zaune a zaure ana tsara biki, sai Umar Faruk, ɗan baffansa da ya dawo daga Kano da sabuwar mota fara fat, ya gyara murya.

"Yaya Babaji, wannan karon a hutar da Hajiya Babba mana. Fika ba nan kusa ba ce. In ita za ta kai amarya, sai dai a haɗa da ragon suna a but."

Zaure ya kwashe da dariya, har da masu furfura. Babaji ya ji abin har cikin ƙashinsa. Ya juya wajen Gwaggo Hussaina, dattijuwar da ke yanke hukunci kan duk abin da ya shafi amarya a gidan, wadda ke zaune bakin ƙofar cikin gida tana tauna goro. Ita kuwa cewa kawai ta yi, "Akwai sati uku. A bari tukuna."

"Sati uku ya isa!" in ji Babaji, ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Kai Umar Faruk, ranar nan in ka hango ko hayaƙin Hajiya Babba kafin Fika, ka canja mini suna."

Ya fita bai san abin da zai yi ba. Sai da ya kwana biyu yana latsa waya ya ga Turawa suna ɗaura wa inji wani abu mai suna sufacaja, mota ta riƙa tashi kamar an tsikare ta. Shi ke nan. Ya bi 'yan gwangwan lungu-lungu har ya samu guda da aka ciro daga wata ƙatuwar mota da ta yi hatsari, ya rungumo shi sai garejin Ochai a bakin titin Kano.

Ochai mutumin Binuwai ne, shekararsa ashirin a Potiskum, kuma shi ke duba Hajiya Babba tun tana da sauran ƙuruciya. Ya juya abin a hannu, ya leƙa injin, ya sosa ƙeya.

"Oga Babaji, ka san mene ne wannan? Zugazugi ne. Inji yana juya shi da bel, shi kuma yana ɗura wa inji iska. Iska ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, amma zafi ma ya ƙaru. Zan iya ɗaura maka. Zan sa maka agogo a gabanka mai nuna yawan iskar. Mota ce ta hawa kullum, inji ya tsufa, ga zafin garin nan, ga man galan da kake sha a gefen titi. Saboda haka biyar. Kada allura ta wuce biyar."

Babaji ya yi murmushin da yake yi wa masu shanu. "Sha biyar."

"Oga, ba ciniki nake yi ba."

"Kowa haka yake cewa da farko." Ya kamo hannun Ochai ya tura cikin hannun babbar rigarsa, yadda ake yi a kasuwa in ba a so jama'a su ji farashi, ya fara matsa masa yatsu.

"Sake ni, Oga, baƙin mai zai ɓata maka riga."

"Sha biyu, saboda zumunci."

"Biyar."

"Albarka! Goma, mu tashi."

"Ka tambayi injin, ba ni ba. Kana zaton ina da iska a gida ne nake ɓoyewa?"

"Takwas. Wallahi ko uwata ba zan sauko wa ƙasa da haka ba."

"Biyar. Kuma ka ji da kyau. Duk ranar da ka ji ƙara a inji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ka ɗaga ƙafa nan take. Inji ne yake cin kansa."

Babaji ya ga mutumin nan ya kafe, sai ya yi dabarar da ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya ɗauki hularsa, ya yi sallama da ƙarfi, ya nufi titi a hankali yana jira a kira shi. Ya kai titi. Ya tsallaka. Ya tsaya cikin rana yana duba wayar da ba ta yi ƙara ba. Da ya waiga, Ochai ya riga ya shige ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Haka ya dawo yana gumi ya ce, "Sa biyar ɗin."

Kwana shida Ochai ya yi yana aikin. Abin ya yi tsawo, bonet ya ƙi rufuwa sosai, sai aka ɗaure da igiya. Amma fa mota ta canja. Hajiya Babba da a da take nishi in ta ga hawa, yanzu sai ta haye sumul ba ko tari. Ranar farko Hadizatu ta dubi agogon hannunta a ƙofar makaranta ta ce, "Baban Na'ima, yau kam har mai kaɗa ƙararrawa mun riga zuwa. Allah ya yi wa Ochai albarka. Don Allah ka bar ta haka."

Da ya bar ta hakan, da yanzu ba ni da labarin ba ku.

Da yamma ya je teburin Abu mai shayi a bakin tasha, ya ajiye mota inda kowa zai gani, ya buɗe bonet ba tare da an roƙe shi ba. Jama'a suka taru. Babaji ya shiga bayani, yana cewa shi ya zana komai a takarda, Ochai ɗaure ƙusa kawai ya yi.

"Iska nawa take sha?" in ji wani direban tirela da ke tsoma burodi a shayi.

"Biyar!"

Direban ya kusa ƙwarewa. "Biyar? Tawa ashirin take sha, kuma ba ta yi wa kowa buɗe bonet."

Babu wanda ya tuna cewa tirela daban, Hajiya Babba daban. Abu ya ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi, ya ce, "Tsaya, Babaji. Nawa makaniken ya fara faɗa?"

"Biyar."

"Nawa kuka tsaya?"

Babaji ya shiga juya cokali a cikin shayinsa.

"La ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku ji! Babaji dillali ya karɓi tayin farko! Kai da ka sa mai garke kuka a kan maraƙi ɗaya?"

Wannan magana ta fi ta Umar Faruk ciwo. Babaji ya rufe bonet, ya bar shayinsa ko kurɓa bai yi ba. Ya riga ya lura a gareji cewa sirrin yana jikin fuli, wato ƙaramar tayar ƙarfen da bel yake juyawa a kan sufacajan: in ta ƙanƙance, abin ya ƙara gudu, iska ta ƙaru. Ya wuce wurin wani mai walda a bayan kasuwa, aka sassaƙo masa ƙarama aka ɗaura. Ya taka totur, allura ta yi tsalle ta tsaya a goma. Ya buga sitiyari ya ce, "Ashe! Na san akwai saura."

Washegari da safe suka kama hanyar Danchuwa. Tun daga ƙofar gida motar ta fara wani kuka siriri mai tsawo, wiiiii, sak jiniya. Masu Keke Napep suka dare gefe. Mai ƙosai ta janye kaskonta. Wani tsoho da ke kan keke ya sauka ya ƙame, yana zaton wani babba ne ya shigo gari. Babaji ya sauke gilashi yana ɗaga musu hannu.

"Baban Na'ima, mene ne wannan?"

"Ci gaba ne, Malama."

"A'a, ba kukan ba. Akwai wani abu a ƙasa, kar-kar-kar, kamar tsakuwa."

"Sabon ƙarfi ne yake neman wurin zama."

"Ga allurar zafi ma tana hawa."

"Ba ki ga ta iska ta hau ba? Dole 'yar'uwarta ta bi ta. Ke dai ki riƙe littattafanki."

Bai rufe baki ba sai ji suka yi fam! Tiyon da ke kai iska cikin inji ya fice. Wani jaki da ke tafe gefen hanya da kayan kara ya zabura, ya watsar da kayan a tsakiyar titi, ya ja mai shi cikin gona. Mota ta yi tari uku ta mutu. Mai jakin ya dawo da ƙaya a wando yana zagi da harshe biyu, Babaji yana ba shi haƙuri da cewa ai jakin ne bai saba da zamani ba. Hadizatu ta fito, ta ɗora littattafan 'yan ajinta a ka, ta ce, "Shekara tara ban taɓa makara ba sai yau da motarka ta koyi gudu. Daga gobe Keke zan hau." Ta kama hanya a ƙasa, ba ta ko waiwayo ba.

Babaji ya mayar da tiyo, ya naɗe shi da waya, ya ƙara da guntun igiyar ɗaure sa, ya ce yanzu ko aljani ba zai cire shi ba.

Unguwa ta shiga uku. Duk asuba in ya tayar da mota don ɗumama inji, karnuka su amsa daga lungu uku. Maƙwabciyarsa ta aiko cewa kajinta sun daina ƙwai. Ladan ya tare shi a ƙofar masallaci ya roƙe shi da girman Allah ya riƙa bari a idar da salla tukuna. Babaji ya fassara duk wannan da hassada.

A rana ta huɗu ya wuce ta gaban garejin Ochai. Ochai ya ji kukan, ya yar da sifana, ya haye babur ya bi shi har ƙofar gida.

"Oga! Ka canja fuli!"

"Na ɗan gyara aikinka."

"Allura tana ina?"

"Goma."

Ochai ya ɗora hannu biyu a ka. "Kawo ta yanzu in mayar maka da ta da. Kyauta. Ko sisi ba na so. Wannan injin na san shi kamar ɗana, ba zai ɗauka ba."

Idon Babaji ya yi ƙyalli. A shekara talatin da ya yi a kasuwa, bai taɓa ganin mai kaya ya biyo mai saye har gida yana roƙon a warware ciniki ba, sai in mai sayen ne ya ci riba. Kuma har da kyauta! Ya dafa kafaɗar Ochai cikin tausayi.

"Ochai, kada ka ji kunya, sana'a ce. Ka ce biyar, na samu goma, ka biyo ni a guje. Yanzu na tabbata sha biyar ɗin da na faɗa tun farko ita ce gaskiya."

Ochai ya juya ga mutanen da ke zaune a dakali. "Jama'a, kun ji dai na faɗa. Ku ne shaida." Ya hau babur ɗinsa ya tafi yana girgiza kai.

Kafin la'asar an ɗaura fuli ta uku, wadda ba ta fi bakin kofin shayi ba. Allurar zafi kuwa da ta dame shi da hawa, sai ya samo sitikar biki mai hoton amarya da ango ya manna a kanta, ya huta da ganinta.

Ana saura kwana biyu biki Gwaggo Hussaina ta aiko cewa Hajiya Babba ce za ta ɗauki amarya. Babaji ya zagaye unguwa da labarin. "Ta ji abin da ake faɗa a gari! Tsohuwa ta san ƙarfi in ta ji shi!"

Ranar Asabar bayan azahar, rana tana dukan ƙasa irin na tsakiyar bazara, aka fito da amarya. An yi wa Hajiya Babba ado da ribon da balan-balan. Babaji ya sha shadda sabuwa, ya cika tanki da man galan mai launin zoɓo saboda layin gidan mai ya yi masa tsawo. Munawwara ta shiga baya lulluɓe da mayafi tana sheshsheƙa, Gwaggo Hussaina a gefenta. Hadizatu ta rantse ba za ta shiga ba, Gwaggo ta dube ta sau ɗaya, ta shiga gaba tana salati. Motoci tara suka jeru a baya, ta Umar Faruk ce ta farko.

Suna fita gari Gwaggo ta gyara zama, ta ɓare goro. "Munawwara, share hawaye ki buɗe kunne. Nasiha zan yi miki irin wadda aka yi mini. Ta ɗaya, uwar mijinki uwarki ce, ko da ta..."

Wiiiii!

"Ta biyu, kada ki bari maƙwabta su san..."

Wiiiiiii!

"Na'am, Gwaggo?" in ji amarya daga cikin mayafi.

"Kai Babaji! Wa ake yankawa a gaban motar nan?"

"Inji ne yake gaishe ki, Gwaggo!"

"To ka ce masa na amsa, ya yi shiru!"

Haka aka yi ta tafiya, Gwaggo tana ihu, amarya tana cewa na'am, har aka ci fiye da rabin hanya ba a wuce nasiha ta biyu ba. Can Babaji ya dubi madubi, ya ga farar motar Umar Faruk ta matso tana kunna masa fitila tana kashewa, tana ƙara da hon.

"Kin gani? Yaro yana neman hanya."

"Baban Na'ima, ina jin wani abu yake nuna maka."

"Ni ma zan nuna masa wani abu."

Ya sauke giya, ya danna totur har ƙasa. Allura ta wuce goma, ta wuce sha biyu, ta je sha biyar ta tsaya tana rawa. Jama'a, a ba kowa haƙƙinsa: Hajiya Babba ta yi gudu. Gudun da ba ta taɓa yi ba tun da aka ƙera ta. Balan-balan suka tsinke, ribon ya bi iska, goron Gwaggo ya faɗa ƙarƙashin kujera, farar mota ta koma ɗigo a madubi. Hadizatu ta rufe ido tana karanto duk addu'ar da ta sani. Babaji kuwa dariya yake yi, hawayen daɗi yana bin kuncinsa. Minti uku cur ya yi yana sarautar duniya.

Sai ga hawan da ke gab da Fika. Tsakuwar nan ta zama guduma. Wani wari ya cika motar, sitikar amarya da ango ta fara lanƙwashewa don zafi.

"Ɗaga ƙafa!" in ji Hadizatu.

"Saura kaɗan!"

"Ɗaga ƙafa, Baban Na'ima!"

"Dillali ba ya janyewa ana gab da..."

Ƙara ɗaya aka ji, gwaram! Igiyar bonet ta tsinke, bonet ya tashi ya rufe gilashi, tururi da baƙin mai suka yi feshi. Babaji ya leƙa kai ta taga don ya ga hanya, ya samu rabonsa a fuska da shadda. Allah ya taimaka hawa ne, motar ta rage gudu da kanta, ta gangara gefe ta tsaya a bakin wata gona. Daga nan ana hango rufin kwanon gidajen Fika.

Shiru ya sauka. Gwaggo ta laluba ta samo goronta, ta hure, ta ce, "Alhamdu lillahi, ya yi shiru."

Motoci tara suka iso ɗaya bayan ɗaya, jama'a suka firfito. Wani ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya zaro wani guntun ƙarfe mai zafi da sanda, ya ce, "Wannan daga cikin inji ya fito, ta gefe. Ya yi wa kansa ƙofa."

Umar Faruk ya iso yana haki. "Yaya! Tun daga baya nake maka fitila! Hayaƙi kake zubarwa, ko hanya ba ma gani!"

"Gwaji nake yi," in ji Babaji, yana goge fuska yana ƙara shafa baƙin. "Ƙaramin abu ne. Fulogi ne."

Umar Faruk ya buɗe ƙofar baya. "Gwaggo, a dawo da amarya motata, dangin ango suna jira."

"Rufe ƙofar nan. Amaryar gidanmu ba ta sa ƙafa a ƙasa tsakanin gidan ubanta da gidan mijinta. Motar da ta ɗauko ta ita za ta sauke ta. Ba a kaina za a fara ba."

Aka yi magiya, aka kawo misalai, Gwaggo ta ci gaba da tauna goro. Aka ɗaura igiya a bas ɗin 'yan rakiya, bas ta ja, ƙarfen bamban gaban Hajiya Babba ya ɓalle ya bi ta, Hajiya Babba ta tsaya inda take. Samari suka gwada turi, hawan ya fi ƙarfinsu, mota ta fara dawowa baya da amarya a ciki, mata suka sa ihu, aka yi maza aka tokare taya da dutse.

Ana cikin haka sai ga wani Bafulatani ya fito daga gonar, ya gama sauke taki, yana kora bijimai biyu da amalanke. Ya tsaya ya ƙare wa baƙar fuskar nan kallo, sannan ya washe baki.

"A'a! Dillali? Kai ne?"

Babaji ya gane shi nan take. Hammawa ne. Bara ya kawo bijiman nan biyu kasuwa, Babaji ya zagaye su yana taɓe baki don ya karya farashi, har Hammawa ya yi fushi ya koma da abinsa.

"Hammawa, mutumin kirki! Taimako za ka yi, amarya ce a ciki."

"Da waɗannan? Ba su ne ka ce ko tabarma ba za su ja ba?"

"Maganar kasuwa ce."

"Ka ce ɗaya tari yake yi, ɗaya kuma ƙafarsa uku da rabi."

"Na ce maganar kasuwa ce, Hammawa!"

"To faɗi ta gaskiya su ji. Suna da zuciya fa."

A gaban motoci tara da dangi kaf, Babaji dillali ya tsaya ya yabi shanun wani da babbar murya, ba ko kwabon la'ada. Sai da ya ce bai taɓa ganin irinsu ba daga nan har Chadi, sannan Hammawa ya kwance amalanke ya ɗaura sarƙa a ƙarfen ƙasan motar.

Haka aka shiga hanya. Bijimai a gaba, Hammawa a gefe da sandarsa, Hajiya Babba a baya da bonet a ɗaure, Babaji riƙe da sitiyari, sannan motoci tara suna rarrafe a giya ɗaya. Ba ka jin komai sai takun kofato. Gwaggo ta miƙe ƙafa, ta yi ajiyar zuciya.

"Yauwa. Munawwara, ta uku."

Ta uku ta wuce, ta goma ta wuce, ta ashirin ta wuce, kowace da labarinta da sunan wadda ta ƙi ji. Kafin su shiga gari labari ya riga su. Fika ta fito ƙwanta da ƙwarƙwata, wayoyi a sama, mata suna rangaɗa guɗa suna riƙe ciki. Wani ya tambaya da ƙarfi ko sabuwar al'adar Potiskum ce. Babaji ya noƙe a bayan sitiyari kamar bai ji ba. Daidai ƙofar gidan ango Gwaggo ta ce, "Ta talatin da uku, ita ce ta ƙarshe," ta faɗe ta, ta shafa addu'a.

Sannan ta miƙa hannu ta dungure wa Babaji ƙeya.

"Kai Babaji. A zatonka don me nake zaɓar motarka shekara goma sha huɗu? Don kyanta? Nasihata talatin da uku ce, kuma duk dangin nan motarka kaɗai ke ba ni lokacin da zan gama ta. Ban taɓa niyyar ba wani ba. Ka je ka lalata abu ɗaya da take da shi."

Mata suka buɗe ƙofa za su fito da amarya. Munawwara ta ɗan ɗaga mayafi, ta matso kusa da kujerarsa, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, ni ma na roƙi Gwaggo a bar maka. Na ce ina so in daɗe a hanya tare da kai kafin ka sauke ni."

Aka fita da ita, guɗa ta rufe ta. Wannan ta shige shi fiye da dariyar Fika gaba ɗaya. Ya zauna riƙe da sitiyarin matacciyar mota, idonsa ya cika, kuma wannan karon ba na daɗi ba ne.

Gwaggo ta fito tana dafa ƙofa, ta yafito Umar Faruk. "Kai, farar motar nan taka tana iya tafiya a hankali?"

"Tana iyawa, Gwaggo."

"To bayan Salla bikin Na'ima, 'yar wannan mai baƙar fuskar. Kai za ka kai ta."

Babaji ya kifa kai a kan sitiyari. Hadizatu ta dube shi, ta ga ba ya buƙatar ƙari, ta ajiye masa hankicinta a cinya ta bi mata ciki. Jama'a suka watse wajen abinci, aka bar shi shi kaɗai a ƙofar gida. Can Hammawa ya leƙo ta taga.

"Dillali, in kwance shanun ne, ko har Potiskum za mu?"

Babaji ya goge fuska, ya daɗe yana kallon bayan bijiman nan.

"Mu je," in ji shi. "Amma a hankali."